Tambaya da Amsa: Zanen Karkarar Holan da Ake Bugawa da Farantin Jan Ƙarfe

Yawancin wasiƙun da suka zo wa filin nan a wannan karo a kan abu guda suke: ƙananan zane-zanen nan na baƙi da fari da mutanen Holan suka buga a ƙarni na 17, masu nuna gonaki da shanu da injinan iska da hanyoyin ƙauye. Wasu tarihi suke nema, wasu kuma sun riga sun sa hannu a aikin sun haɗu da cikas. Mun haɗa tambayoyin da suka yi kama da juna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani zane na Rembrandt mai itatuwa uku a kan tudu, an rubuta a ƙasa cewa bugawa aka yi. Ni dai a idona aikin alƙalami ne. Ta yaya ake buga irin wannan tun kafin a san na'urar ɗaukar hoto? Daga wani malamin makaranta.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zanen da ka gani Rembrandt, shahararren mai zanen Holan, ya yi shi a shekarar 1643, faɗinsa kimanin santimita 28, tsayinsa 21. Alƙalami bai taɓa takardar ba. A kan farantin jan ƙarfe aka yi zanen, asid ya ci layukan suka zama ramuka, aka cusa musu tawada, sannan aka danne jiƙaƙƙiyar takarda a kai har ta tsotso tawadar.

Ana fara wa da faranti mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. A goge fuskarsa har ta yi sheƙi, a zage gefunansa huɗu da zarto su kwanta, don kaifinsu kada ya yanka takarda da bargunan da ake ɗorawa a kanta a cikin injin bugawa. Sai a wanke maiƙo da garin alli da ɗan ruwan khal. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a zuba ruwa, in ya shimfiɗu bai ɗaya faranti ya wanku, in ya dunƙule ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo, kuma shafen da za a yi ba zai kama ba.

Shafen shi ne garkuwar faranti. Haɗin da aka buga a Ingila a 1660 aka danganta shi ga Rembrandt shi ne kakin zuma kashi 2, ƙaron mastik kashi 1, garin kwaltar ƙasa kashi 1. Ana narka su tare a dunƙula. A ɗumama faranti, a goga dunƙulen, a baje shi siriri ƙwarai, sannan a kifa farantin a bi shi da hayaƙin kyandir har ya yi baƙi, domin duk inda allura ta bi jan ƙarfen ya fito fili a gan shi. Allurar ba ta huda ƙarfe, kakin kawai take karcewa, shi ya sa hannu ke sakewa kamar a kan takarda. Nan ne sirrin kamar da ka gani da aikin alƙalami. A rufe bayan faranti da fanis, a tsoma cikin asid, asid ya ci inda aka buɗe kaɗai. Gwargwadon daɗewa, gwargwadon zurfi da faɗin layi, gwargwadon baƙinsa a takarda.

A wannan zanen Rembrandt bai tsaya ga asid ba. Ya koma da allura mai ƙarfi ya karce ƙarfen kai tsaye. Wannan karta tana tayar da wata 'yar geza ta ƙarfe a gefen layi, gezar kuwa tana riƙe tawada, sai baƙin ya fito da laushi da kauri. Ya kuma yi aiki da ƙarfen sassaƙa, wanda ake turawa da tafin hannu yana fitar da zaren ƙarfe, yana barin layi tsaf. Ka ƙara girman hoton ka duba: akwai mai kamun kifi da matarsa a hagu, keken doki a bayan itatuwan, da wani mai zane zaune a kan tudu a dama.

Abu guda da za ka riƙe: bugu yana juya zane, dama ta koma hagu. Rembrandt bai cika damuwa da gyara wannan ba, shi ya sa a zanensa na birnin Amsterdam daga nesa, na wajen 1640, hasumiyoyin birnin a juye suke.

Tambaya: Masu zanen Turai na da, sarakuna da yaƙe-yaƙe da labaran addini suke zanawa. Me ya kai mutanen Holan ga zanen bukka da turba da saniya, kuma wa ke saye? Daga wata ɗalibar tarihi.

Amsa: Malama, abin daga kudu ya faro, a birnin Antwerp da ke Beljiyam ta yau. A 1559 da 1561 wani mai buga zane, Hieronymus Cock, ya fitar da jerin ƙananan zane-zane na ƙauyukan da ke kewayen birnin: gidan gona, hanya mai laka, makiyayi da tumakinsa, ba wani labari a ciki. 'Yan'uwa biyu, Joannes da Lucas van Doetecum, su suka yi farantan. Wanda ya yi asalin zanen har yau da laƙabi ake kiransa, Gwanin Ƙananan Filaye.

Sai yaƙi da Sifaniya ya girgiza ƙasar. Antwerp ta faɗa hannun sojan Sifaniya a 1585, dubban masu sana'a da 'yan kasuwa suka yi ƙaura zuwa arewa, Amsterdam da Haarlem da Leiden, da jarinsu da ƙwarewarsu. A 1609 aka tsagaita wuta na shekara 12. Cikin wannan sararin, a 1612, Claes Jansz Visscher na Amsterdam ya kwaikwayi waɗancan zane-zanen na Antwerp ya sake fitar da su, ya sa musu sunan shahararren mai zane Pieter Bruegel, ko da yake masana yau ba su yarda nasa ba ne. A daidai wannan lokaci ya fitar da nasa jerin mai shafi 12 na wuraren da ke gefen Haarlem, wanda ya kira Wurare Masu Daɗi. Shafin farko ya faɗi wa aka yi wa aikin: masu sha'awa waɗanda ba su da lokacin tafiya nesa. Ke nan mai saye ɗan birni ne, ɗan kasuwa ko mai sana'a, wanda zai zauna a ɗakinsa yana juya shafi kamar yana yawon shan iska a bayan gari.

Daga nan Haarlem ta zama cibiya. Esaias van de Velde ya shiga ƙungiyar masu zanen garin a 1612, a wajen 1615 zuwa 1616 shi da Willem Buytewech da Jan van de Velde suka fitar da jeri-jeri, Jan shi kaɗai gommai. A ganinmu Esaias ne ya kamata ki fi zuba wa ido. Ya sauko da bakin sama, wato layin da sama ta haɗu da ƙasa, zuwa ƙasan shafi, yadda mutum mai tafiya a ƙafa ke ganinsa, ya bar sama fara fat, takarda tsagwaronta, ya kuma yi itace da 'yan layuka ƙalilan. Masu zanen da suka gabace shi daga sama suke leƙo duniya, su cika shafi da duwatsun da babu su a Holan. Shi ya yarda cewa fili shimfiɗaɗɗe da gada ta katako sun isa a tsaya a kalla.

Sauƙin kuɗi ma ya taimaka. Faranti guda yana ba da ɗaruruwan bugu, ana sayar da su jeri-jeri, kowane shafi da lambarsa, a liƙa su cikin kundi. Zanen fenti guda ɗaya ne tak, bugu kuwa yana shiga gidaje da yawa, har da shagunan masu zane da ke ɗaukar samfuri daga cikinsa.

Tambaya: Shin abin da ke cikin zane-zanen nan haka ƙauyen yake da gaske? Kuma mene ne wannan rumfa mai dogayen sanduna da nake yawan gani kusa da gidaje, da dogayen fararen layuka a shimfiɗe a fili? Daga wani mai karatu.

Amsa: Ɗan'uwa, kayan da ke ciki na gaske ne, amma zaɓe aka yi.

Rumfar ma'ajiyar busasshiyar ciyawa ce ta shanu. Sanduna huɗu ko biyar ake kafawa, rufin yana zamewa a jikinsu. In an tara ciyawa da bazara a ɗaga shi sama, yadda shanu ke ci a lokacin sanyi a riƙa sauke shi, don ruwan sama kada ya sami hanya. Saboda haka tsayin rufin yana gaya maka lokacin shekara. Rembrandt ya zana irinta a gefen wata bukka a 1641. Yawanta a zane ba mamaki ba ne, domin ƙasar yammacin Holan jiƙaƙƙiya ce, ta fi dacewa da ciyawa, hatsi kuwa jiragen ruwa ke kawo shi daga ƙasashen tekun Baltik. Manomi sai ya koma ga madara da man shanu da cuku. Paulus Potter, wanda ya rasu a 1654 bai kai shekara 30 ba, ya yi farantan da babu komai a cikinsu sai shanu.

Fararen layukan kuwa yadin lilin ne ake shanya don ya yi fari. Gefen tudun yashin da ke kusa da Haarlem yana da ruwa mai tsabta, aka yi suna da wannan sana'a. Ana jiƙa yadi a ruwan toka, a tsoma shi a nonon da aka cire wa mai, a shimfiɗa a ciyawa ana yayyafa ruwa, a maimaita har tsawon watanni. Yawancin masu aikin mata ne 'yan ƙodago. Za ka gan su ƙanana a zanen Visscher, da kuma a wani dogon zane na Rembrandt na 1651 mai nuna Haarlem can nesa.

Injin iska ma ba duka na niƙa ba ne. Da yawa ruwa suke kwashewa daga ƙasar da ke ƙasa da teku. Tafkin Beemster an ƙafar da shi a 1612 da injina fiye da 40, da kuɗin 'yan kasuwar Amsterdam, aka sami kimanin murabba'in kilomita 70 na sabuwar ƙasa. Shi kuwa injin da Rembrandt ya zana a 1641 yana kan ganuwar Amsterdam ne, fata ake tausasawa da shi da man kifi. Kangon gini da ke bayyana a jerin Visscher, gidan sarautar Kleef ne, wanda aka rusa a 1573 lokacin da Sifaniyawa suka kewaye Haarlem. Ga mai saye na wancan zamani, wannan kango tuni ne da yaƙin da iyayensa suka gani.

Yanzu ka lura da abin da aka bari a waje. Sabuwar ƙasar nan ta Beemster, mai miƙaƙƙun hanyoyi da gonaki murabba'i, a taswira ta fi fitowa, masu zanen fili ba su cika kula ta ba. Sun fi son tsohuwar bukka mai rufin da ya loma, da katangar da ta karkace. Ambaliya da annobar shanu da wahalar ɗan ƙodago ba kasafai suke shiga ba. Ko Adriaen van Ostade, wanda ya yi faranti 50 kusan duka a kan talakawan ƙauye, a bakin ƙofa yake nuna su, ana kaɗi, ana hira, ana sauraron mai goge. Ya zana su da ƙauna da lura, wannan ba shakka, sai dai ƙauye ne irin wanda ɗan birni ke son gani.

Tambaya: Ina koyon wannan aiki, da ferik kulorayid, sinadarin nan mai cin jan ƙarfe kamar asid, nake cin faranti. Na zana fili da itace a gaba da ƙauye a nesa, amma da na buga komai ya fito da baƙi iri ɗaya, nesa ba ta yi nesa ba. Inda kuma na cika layuka don inuwa ta yi duhu, sai ya fito toka-toka. Ina kuskuren? Daga wani ɗalibin zane.

Amsa: Matsala biyu ce, ɗalibi, kuma kowace da sanadinta.

Ta farko, ka ci farantin sau ɗaya ne, kowane layi ya sami zurfi ɗaya. A zanen da babu launi, zurfin layi da tazararsa su ke yin aikin iska da nisa. Kafin komai ka yi farantin gwaji: ɗan tsiri mai faɗin santimita 3 da tsawon 15, ka ja layuka daga wannan kai zuwa wancan, ka tsoma, ka riƙa rufe wani yanki da fanis a minti 5, 10, 20, 40 da 60. Ka buga shi ka ajiye. Ba wanda zai ba ka lokaci tabbatacce daga nesa, domin ƙarfin ruwan da ɗuminsa da tsufansa duk suna canja shi, ruwa mai ɗumi ya fi saurin ci. A ruwa mai ƙarfin awon Baume (ma'aunin kaurin ruwan sinadari) 42 zuwa 45, wurin farawa shi ne minti 5 zuwa 8 ga abin da ke can nesa, jimlar minti 20 ga tsakiya, 45 zuwa 60 ga na gaba.

Hanya biyu ce. Ko ka zana komai, ka ci kaɗan, ka fitar ka wanke ka busar, ka rufe nesa da fanis, ka mayar, ka sake fitarwa ka rufe tsakiya, har na gaba ya ƙoshi. Jacques Callot, mutumin Lorraine da ke Faransa ta yau, shi ya ƙware a wannan, Abraham Bosse ya rubuta ta a littafinsa na 1645 wanda aka juya zuwa harshen Holan a 1662. Ko kuma ka juya tsarin: ka zana na gaba kaɗai ka ci, ka ƙara tsakiya ka ci, ka ƙara nesa a ƙarshe. Mun fi ba ka shawarar ta biyun in akwai rassan itace da suka gitta sararin nesa, domin bin tsakanin rassa da burushin fanis aiki ne mai ɓata zane. Ka kuma sa allura biyu, siririya ga nesa, mai kauri ga gaba. Sama kuwa ka bar ta fara. Mafi yawan masu koyo tsoron farar takarda ke sa su cika shafi.

Matsala ta biyu, tokar nan. Asid ba ƙasa kawai yake ci ba, yana ci ta gefe. In layuka sun matsu, bangon da ke tsakaninsu sai ya rushe, su haɗe su zama faffaɗan rami marar zurfi. Da ka zo sharewa, ƙyalle ya kwashe tawadar tsakiyar ramin, sai toka. Ka bar tazarar da ta kai ninki biyu na kaurin layi a inda za ka ci da zurfi. In kana son duhu sosai, ka gina shi hawa-hawa: ka ci sahun farko, ka wanke faranti, ka sake shafe, ka gitta sabon sahu. Inda ya riga ya lalace, a kankare da makankari, a kifa faranti a kan maƙera mai santsi a bubbugo wurin daga baya har ya daidaita, a goge, a sake shafe.

Wani abin da ke hana ferik ci daidai shi ne gurɓin da yake bari cikin layi. Ka tsayar da faranti a tsaye cikin tanki, ko ka kifa shi a kan 'yan matashai don gurɓin ya zube. Haɗin Edinburgh yana rage wannan: garin asid na sitirik kashi 1 a ruwan zafi kashi 3, sannan wannan ruwan kashi 1 a ferik kashi 4. In kuma ka ga ƙananan ɗige-ɗige a sama inda ba ka zana komai ba, shafenka ya yi siriri da yawa, ko ƙura ta hau shi, ko ka ƙona shi wajen ɗumamawa. Safar hannu da tabarau dole ne, kada ka tsoma tutiya a ruwan da ka ci jan ƙarfe, kuma tsohon ruwa ba a zuba shi a magudana saboda jan ƙarfen da ya narke a ciki.

Tambaya: Na ji ana maganar wani ruwa da ake kira asid ɗin Holan. Da shi Rembrandt ya yi aiki? In haɗa shi? Daga wani mai koyo.

Amsa: Sunan ne kawai na Holan. Haɗin shi ne ruwa kashi 88, asid na haidirokulorik 10, fotasiyam kuloret 2, shi kuwa wannan gishiri na ƙarshe sai a ƙarshen ƙarni na 18 aka samar da shi, Rembrandt ya rasu tun 1669. Masu aikin zamaninsa asid na naitirik suke da shi, da kuma wani haɗi na ruwan khal da gishiri da sinadarin amoniyam kulorayid da koren tsatsar jan ƙarfe, wanda Bosse ya bayyana. Kada ka haɗa shi a gida. Yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu, ferik kuma zai ba ka tsabtar layi irin wadda kake nema.

Tambaya: Farantina ya ciwu da kyau, ina jin zurfin layi da farce, amma bugun yana fitowa a kodaɗe, layuka a yanke-yanke. Daga wata mai buga zane.

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara zargin takarda. Busasshiyar takarda ba ta shiga rami. Ki sami ta auduga mai nauyin giram 250 zuwa 300, ki jiƙa ta minti 15 zuwa 30, ki tsane ta tsakanin takardun tsotsa har ƙyallin ruwa ya ɓace amma tana da sanyi a hannu. In ta jiƙe da yawa kuma tawada ba za ta kama ba, za ki ga fari-fari a cikin baƙi.

Sai matsi. Ki wuce da faranti marar tawada da jiƙaƙƙiyar takarda, ki duba shatin gefe: ya kamata ya fito daidai a dama da hagu, layukan kuma su ɗan taso. In wani gefe ya fi wani, sukurorin injin ba su daidaita ba. Barguna uku ake sawa, siriri a kan takarda, mai kauri a tsakiya, mai ƙarfi a sama, kuma bargon da ya sha ruwan takarda ya sandare sai an wanke shi.

In waɗannan sun yi daidai, sharewa ce ta yi yawa. Ki ɗumama faranti kaɗan, ki cusa tawada da ɗan kwali ta kowace fuska. Ki dunƙule ƙyalle mai raga-raga da aka yi wa sitati, ƙasansa a baje, ki share a kewaye ba dannawa, daga mai datti zuwa mai tsabta, ki ƙarasa da gefen tafin hannu. Tawada mai tauri a sassauta ta da ɗigo biyu ko uku na man lilin. Ba lallai ki share tas ba. Rembrandt yakan bar siririn hazon tawada a wasu wurare da gangan, bugu biyu daga faranti ɗaya su bambanta. Hercules Segers ya wuce haka, yana bugawa da tawada mai launi a kan takarda ko ƙyallen da ya riga ya rina, kusan kowane bugu daban. Kimanin 180 ne suka rage a duniya. In kin yi karta kai tsaye, ki tuna gezar tana mutuwa da wuri, bayan bugu 15 zuwa 20 za ki ga bambanci. Ki busar da bugu tsakanin takardun tsotsa a ƙarƙashin katako mai nauyi, ki canja su a rana ta farko.

Tambaya: Wani ɗan'uwana ya ba ni tsohon zane na bukka da itatuwa, da sunan Rembrandt a ƙasa. Yaya zan gane ko na ainihi ne, kuma yaya zan adana shi? Daga wani dattijo.

Amsa: Ranka ya daɗe, tambayar kashi uku ce: bugun faranti ne ko hoton bugu, in na faranti ne nasa ne ko na mai kwaikwayo, in nasa ne yaushe aka buga.

A fitar da shi daga firam da hannu mai tsabta, a duba da gilashin ƙara girma mai ninki 10. In baƙin ya rarrabu zuwa ɗige-ɗige a jere, aikin maɗaba'ar zamani ne, magana ta ƙare. Bugun faranti tawadarsa tana ɗan tasowa, ana ganin haka in an haska fitila daga gefe. Shatin gefen faranti alama ce, amma ba hujja ba, domin ana ƙirƙirarsa, tsofaffin masu tarawa kuma sukan yanke na gaske. Sai a ɗaga takardar a haske. Ta ƙarni na 17 ta Turai tana da siraran layuka a matse, da wasu masu gittawa a tazarar santimita 2 zuwa 3, wani lokaci da tambari a cikinta, kamar kan wawan sarki mai hula da ƙararrawa ko tambarin birnin Amsterdam. Takarda mai santsi marar layuka sai a wajen 1757 ta fito, don haka bugu a kanta ba na zamaninsa ba ne. Banda takardar Japan, wadda Rembrandt ya fara amfani da ita a wajen 1647, mai laushi da launin ruwan zuma. Sa hannu da fensir da lamba irin 12/100 al'adar ƙarshen ƙarni na 19 ce, shi a cikin faranti yake sa sunansa.

A duba baya. Amand-Durand na Faris ya yi kwafi masu kyau ƙwarai a ƙarni na 19 ta hanyar ɗaukar hoto a kan faranti, yana sa musu jan hatimi a baya. Hatimin masu tarawa kuwa akwai kundinsu da Frits Lugt ya fitar a 1921. Ko faranti na ainihi ma ba ya nufin bugu na zamaninsa: kimanin faranti 80 na Rembrandt suna nan har yau, sun bi hannaye da dama, Basan, wani dillalin zane na Faris, ya buga su a ƙarshen ƙarni na 18, wasu ma an sake zurfafa layukansu. Haka aka yi da na Ostade da na Anthonie Waterloo, wani mai zanen filaye. Irin wannan bugu siraran layukansa sun ɓace, inuwarsa ta yi toka, gezar nan mai laushi babu ita. A auna shatin faranti da milimita, a kwatanta layi da layi da hotunan da gidan tarihi na Rijksmuseum da ke Amsterdam ya sa kyauta a intanet, da kundin New Hollstein na 2013 da ya jera kowane mataki na kowane faranti. Hukunci na ƙarshe sai ƙwararre ya riƙe takardar a hannunsa.

Kafin nan, kada a wanke shi, kada a goge, kada a sa masa salatif ko gam. A sa shi tsakanin kwali marar asid, a maƙala shi daga sama kawai da tsirin takardar Japan da kokon sitatin alkama. Takarda kada ta taɓa gilashi. Laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100, in ta haura 65 fumfuna da jajayen tabo za su fito. Gidajen tarihi haske mai rauni suke ba irinsa, luks 50 a ma'aunin ƙarfin haske, na kimanin wata uku, sannan su mayar da shi akwati. A gida, a nisanta shi da taga da bangon da ke tsatsafo, in ba a kallonsa a kwantar da shi a kwance cikin akwatin kwali marar asid.